Me ya sa zaki bai da roɗi, damisa kuwa ta sha ado? Tambayoyi da amsoshi

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare da ke cikin birni, kuma kusan duk shekara sai mun kwashi ɗalibai mun kai su gidan zu na Audu Bako. A wata tafiyar, muna tsaye gaban kejin zaki, shi kuwa gogan yana kwance ya miƙe ƙafafu ko kallo ba mu ishe shi ba, sai wata yarinya 'yar aji ɗaya ta ce, "Malam, shi wannan ba a yi masa zane ba ne, ko kuwa wanke shi aka yi?" 'Yan'uwanta suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don yarinyar ta kusa faɗin gaskiya ba ta sani ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini tun daga ranar, wasu a aji, wasu a majalisar ƙofar gida bayan sallar isha.

A taƙaice, mene ne dalilin?

Abincin waɗannan dabbobi ƙafa gare shi, kuma ido gare shi. Zaki da damisa ba sa iya dogon gudu, dole sai sun yi sanɗa sun matso kusa kafin su far wa barewa ko gada. Wanda aka hango shi tun daga nesa da yunwa zai kwana. Saboda haka gashin kowace dabba ya dace da irin hasken da ke wurin da take farauta. Zaki ɗan fili ne, cikin busasshiyar ciyawa inda rana ke bugun komai bai ɗaya, sai ya zo da launi ɗaya irin na ciyawar rani. Damisa 'yar duhuwa ce, tana hawa bishiya, tana kwanton ɓauna a inda haske ke tsiyayowa ta tsakanin ganye, sai ta zo da roɗi-roɗi.

Ai damisa ko a hoto ɗaukar ido take yi. Ina ɓadda kama a nan?

Mai ɗaukar hoto ya riga ya nemo maka ita, ya sa ta a tsakiya, ya jawo ta kusa. A daji babu mai yi wa gada wannan hidimar.

Gwada wannan a gida. Da hantsi ka tsaya ƙarƙashin darbejiya ka dubi ƙasa: inuwar ba shimfiɗa ɗaya ba ce, ɗigo-ɗigo ce ta haske da duhu, tana motsi in iska ta kaɗa. Akwai wata mage mai ratsi-ratsi da ke kwana a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Sau da yawa nakan fito da buta in kusa taka ta, sai ta motsa kunne sannan in gan ta. Amma in ta hau katangar siminti, ko yaro na goye zai nuna ta.

Abin da ke faruwa shi ne, ido ba launi yake fara nema ba, siffa yake nema: ga kai, ga gadon baya, ga wutsiya. Roɗi yana yayyanka wannan siffa, sai jikin ya zama gutsi-gutsi, kowane yanki ya saje da abin da ke bayansa. Wannan dabarar ce aka ara aka yi wa soja kaki mai dabbare-dabbare.

An bincika wannan ne, ko hasashe ne kawai?

An bincika. A 2010 William Allen da abokan aikinsa na Jami'ar Biristol a Ingila suka tattara hotunan nau'i 35 na dangin kyanwa, tun daga zaki har ƙananan kyanwoyin daji, suka auna zanen jikin kowanne, sannan suka gwada shi da irin rayuwar da dabbar ke yi. Suka tarar masu zama a fili sun fi zama da launi ɗaya, mazauna kurmi sun fi zama da zane. Waɗanda ke yawan zama a kan bishiya ko farautar dare kuwa, zanensu ya fi rikiɗewa, manyan dabbare marasa tsari. Sun kuma lura cewa zanen yana saurin sauyawa tsakanin dangi na kusa. Zaki da damisa 'yan ɗaki ɗaya ne, amma dubi yadda suka sha bamban.

Ba duka ne suka bi wannan layin ba, za mu zo kan masu taurin kan.

Da gaske zaki ba shi da roɗi ko kaɗan?

Nan ne yarinyar nan ta yi gaskiya. Ɗan zaki da roɗinsa ake haihuwarsa, a goshi, a ƙafafu, a ciki. Uwar takan ɓoye 'ya'yanta a cikin sarƙaƙiya ko tsakanin duwatsu na wasu makonni tana fita farauta, kuma a wannan lokaci kura ko damisa za su iya yin kalaci da su. Ke nan jaririn zaki rayuwar duhuwa yake yi, sai aka ba shi rigar duhuwa. Yana girma yana fitowa fili, roɗin na dusashewa. Wasu zakanya har sun manyanta za ka ga alamarsa dishi-dishi a cikinsu da ƙafafunsu na baya. In ka sake zuwa gidan zu, bar kallon geza, ka duba nan. Haka fuma ta nahiyar Amurka take, babbarta launi ɗaya, 'ya'yanta masu ɗigo.

Shi kansa launi ɗayan ba fenti ɗaya ba ne. A jikin yawancin namun daji masu ruwan ƙasa, in ka ɗauki silin gashi guda ka duba da kyau za ka ga hawa-hawa ne, duhu da haske suna bin juna. Daga nesa sai su haɗu su ba da launin ƙura. Sannan ciki ya fi baya haske. Rana daga sama take zuwa, tana haska gadon baya ta bar ciki a inuwa, to in cikin fari-fari ne sai ya kashe inuwar, dabbar ta daina fitowa kamar abu mai kauri. Wani mai zane ɗan Amurka, Abbott Thayer, shi ya yi fice da bayanin wannan tun ƙarshen ƙarni na 19. Barewa ma haka take, don ita ma ɓuya take yi.

To ita damisar Asiya, wato taiga, ja ce jawur a cikin koren daji. Wannan ba tallar kai ba ce?

Wannan ce tambayar da na fi so, domin ita ke nuna inda muke kuskure: muna auna dabbar da idonmu, alhali ba don mu aka yi rigar ba.

A cikin idon mutum akwai ƙwayoyin gane launi iri uku. Yawancin dabbobi masu shayarwa, har da su barewa da aladen daji da taiga ke ci, iri biyu gare su. Ba sa rarrabe ja da kore. Abin da mu muke gani ruwan goro mai ƙyalli, a wurinsu ya saje da ganye. A 2019 John Fennell da abokansa, su ma a Biristol, suka nuna a kwamfuta yadda taiga ke fitowa a ido mai ƙwayoyi biyu: sai ta koma kusan launin dajin da take ciki, ratsin baƙin nan kuma ya zama kamar inuwar dogayen ciyayi.

Wani zai ce me ya hana ta zama koriya kawai a huta? Jikin dabba mai shayarwa ba ya yin koren launi. Sinadarin da ke rina gashi, melanin, iri biyu ne: ɗaya yana ba da baƙi da ruwan ƙasa mai duhu, ɗaya yana ba da ja da rawaya. Duk adon da ka gani a jikin zaki, damisa, kura, har akuyar gidanku, daga waɗannan biyun ne, sai fari inda babu ko ɗaya. Da wannan ɗan jari aka yi duk wannan kasuwa.

Akwai masu ganin launi uku kamar mu, su ne biran Afirka da na Asiya. Ba mamaki sau da yawa biri ne ke fara hango damisa daga kan reshe ya tada kururuwa ya tona mata asiri.

Ta yaya zanen ke fitowa a jiki tun farko?

Tun dabbar na ciki ake gama shi, kafin gashi ya tsiro.

Wanda ya fara kawo bayani mai ma'ana ba masanin dabbobi ba ne, masanin lissafi ne, Alan Turing na Ingila, wanda ake dangantawa da asalin kwamfuta. A 1952 ya nuna da lissafi cewa in akwai sinadarai biyu suna yaɗuwa a cikin fata, ɗaya yana cewa a yi duhu, ɗaya yana hanawa, kuma mai hanawar ya fi saurin yaɗuwa, to da kansu za su raba fili: nan tsibirin duhu, kewaye da shi haske, can gaba wani tsibirin. In aka ɗan sauya saurin ko yawan sinadaran, ɗigo ya koma ratsi, ratsi ya koma dabbare, ko komai ya shafe ya zama launi ɗaya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata zai gane abin da sauƙi. Babar da ke cikin rami ɗaya ce, amma ɗaurin da aka yi wa ƙyallen kafin a tsoma shi ne ke hana ta shiga wasu wurare. In an kwance zaren sai ka ga zobe-zobe ko layi-layi. Bambancin kawai, a jikin ɗan tayi ba hannun kowa ke ɗaurin ba, sinadarin ne ke yi.

Daga baya James Murray ya faɗaɗa lissafin, ya nuna girma da siffar wurin suna da tasiri. A wuri mai faɗi ɗigo na samun sarari, a wuri siriri sai ya haɗe ya zama zobe. Shi ya sa dabba mai ɗigo kan zo da wutsiya mai zobe-zobe wajen ƙarshe, kamar damisa da rabbi (dabbar nan mai kama da damisa da ta yi fice wajen gudu), amma da wuya ka ga mai ratsi a jiki da ɗigo a wutsiya. Dubi wutsiyar magen gidanku.

Shekaru da dama abin na kan takarda. A 2021 Christopher Kaelin da Gregory Barsh da abokiyar aikinsu Kelly McGowan a Amurka suka duba fatar 'yan tayin mage, suka ga tun kafin gashi ya fito fatar ta riga ta rabu, wani wuri mai kauri wani siriri, bisa tsarin da ratsin zai bi daga baya. Suka gano wata ƙwayar gado mai suna Dkk4 da ke cikin masu wannan rabo. Da zarar an kafa zanen ba ya ƙaura. Dabbar na girma yana buɗewa tare da ita, kamar rubutu a jikin balan-balan. Hali zanen dutse, in ji Bahaushe, to na damisa ma kusan haka ne.

Rabbi fa? A fili yake farauta, kuma ga shi da ɗigo.

Ga ɗaya daga cikin masu taurin kan. Rabbi da rana yake farauta, a fili, yana kai wa kusan kilomita 100 a awa, amma jikinsa cike da ƙananan baƙaƙen ɗigo, cikakku, ba masu rami a tsakiya irin na damisa ba. Masu binciken Biristol da kansu sun sa shi cikin waɗanda ba su bi ƙa'idar ba, tare da wasu ƙananan kyanwoyin kurmin kudu maso gabashin Asiya da ke da launi ɗaya alhali a duhuwa suke.

A ganina abin da ake mantawa shi ne rabbi ba mafarauci kaɗai ba ne, shi ma abin farauta ne. Zaki da kura suna ƙwace masa nama, suna kashe masa 'ya'ya, don haka yakan yini a laɓe a inuwar ƙananan itatuwa. Kuma gudun nasa gajere ne, dole sai ya yi sanɗa tukuna. Rabbin Sahara, irin wanda ake samu a hamadar Nijar da Aljeriya, ya fi na sauran wurare haske sosai, ɗigonsa ma ya kan dusashe, wanda ke nuna ƙasar da ake zaune tana jan launin zuwa gare ta.

Akwai kuma rabbin da ake samu jefi-jefi a kudancin Afirka wanda ɗigonsa ya haɗe ya zama manyan dabbare da layuka a gadon baya. Da an ɗauka wani nau'i ne daban. A 2012 aka gano sauyi ne a ƙwayar gado ɗaya, Taqpep, kuma ita ce dai ke sa wasu magen gida su zo da faffaɗan zane mai murɗewa maimakon siririn ratsi.

Baƙar damisa wata dabba ce daban?

A'a. Damisa ce da baƙin sinadarin ya yi mata yawa, kuma uwa ɗaya kan haifi baƙa da mai roɗi a ciki ɗaya. Roɗin na nan, in rana ta buge ta ta gefe za ka gan shi kamar zanen shadda baƙa. Ga damisa mai roɗi ta Afirka da Asiya sai ɗa ya gaji abin daga uwa da uba duka kafin ya fito baƙi, ga jaguwa, 'yar'uwarta ta Kudancin Amurka, kuwa daga ɓangare ɗaya ma ya isa.

Inda aka fi samunsu ya ƙara tabbatar da maganar haske. A kurmin Maleshiya, inda rana ba ta cika kaiwa ƙasa ba, kusan duk damisar da kyamara ke kamawa baƙa ce. A filayen Afirka kuwa abin nema ne, shi ya sa hotunan wata baƙar damisa da aka ɗauka a Laikipiya ta Kenya suka zaga duniya a 2019.

Farin zaki da farar taiga fa?

Su ma sauyin gado ne, amma wannan ba ya taimakon mai shi a daji. Farar taiga da ake nunawa a gidajen zu na duniya, akasarinsu zuriyar wani namiji ne da aka kama a Rewa ta Indiya a 1951, aka yi ta haɗa shi da danginsa don launin ya ɗore, abin da ya jawo musu nakasa iri-iri. Kyan ɗan maciji ne.

Ban da dangin kyanwa, yaya su kura da dila?

Kurar da masu wasa da kura ke yawo da ita a takunkumi mai ɗigo ce, amma 'ya'yanta baƙaƙe-baƙaƙe ake haihuwarsu a cikin rami, ɗigon daga baya yake bayyana, in ta tsufa kuma ya dusashe. Sayaki, ɗan'uwanta mai yawon dare shi kaɗai, ratsi gare shi. Dila da yanyawa launin ƙasa suke, yanyawa ma kamar an kwaɓa ta da rairayi.

Dangin kare gaba ɗaya ba su cika ado ba, domin da yawansu ba kwanton ɓauna suke yi ba, bin dabba suke har ta gaji. Kyarkeci, wato karen dajin Afirka, shi ne ya fita zakka: baƙi, fari, rawaya, an watsa masa kamar an zubar da kwanon fenti, kuma babu biyu masu zane ɗaya. Shi da ke farauta a garke yana bin nama a guje, ɓuya ba ta dame shi sosai ba. Masana da dama na ganin zanen da farin bakin wutsiyarsa suna taimaka wa 'yan garken su gane juna, su bi juna cikin ciyawa.

Dage kuwa akasin kowa ya yi, baya fari-fari, ciki baƙi ƙirin, yana tafe ba ya ɓoye kansa. Wannan sanarwa ce: wanda ya taɓa ni zai ji a jikinsa. Jaririn rabbi yana da doguwar furfura a gadon baya da ke sa daga nesa ya yi kama da dage, kuma akwai masu ganin kariya ce gare shi.

In ɓuya ce manufa, me ya kawo gezar zaki?

Geza ba ta farauta ba ce, ta neman aure ce da tsorata abokin gaba. Peyton West da Craig Packer sun ajiye gumakan zaki masu geza iri-iri a dajin Sarangeti na Tanzaniya, suka buga sakamakon a 2002: zakanya sun fi matsowa ga mai baƙar geza, maza kuma sun fi shakkarsa. Sai dai baƙar geza zafi gare ta, kamar mutum ya sa babbar riga baƙa a watan Afrilu a Kano. A Tsabo ta Kenya, inda zafi ya yi yawa, mazan da dama gezar kaɗan ce ko babu. Zakunan Afirka ta Yamma ma tasu ba ta kai ta na kudu da gabas cika ba.

Me ya sa dabbobin gida suke da launi barkatai?

Leƙa 'Yan Awaki ana gobe Sallah: fari, baƙi, ja, wake-wake, mai ƙyalla a goshi. A daji farin ɗan akuya ba zai kai labari ba, a gida kuwa akwai mai tsaronsa, har ma farin rago ya fi tsada. Mu muka karɓi aikin zaɓen daga hannun daji, muka zaɓa da idonmu.

Wannan bayanin bai ci karo da cewa Allah ne ya yi su haka ba?

Wani dattijo a majalisarmu ya taɓa tsayar da ni a nan, ya ce, "Malam, kai dai ka ce ikon Allah, ka huta." Na ce, "Baba, ikon Allah ne, ba musu." A Suratu Faɗir, aya ta 27 da ta 28, an ambaci saɓanin launukan 'ya'yan itace da duwatsu da mutane da dabbobi a matsayin abin lura. Sanin cewa hadari ne ke kawo ruwa bai hana kowa roƙon ruwa ba.

Sanin wannan yana da wani amfani a aikace?

Yana da shi, wajen ƙidaya. Zanen kowace damisa nata ne ita kaɗai, kamar zanen yatsa, har ɓarin dama ya bambanta da na hagu. Tun shekarun 1990 Ullas Karanth ya fara ɗaure kyamarori a jikin bishiyoyi a dajin Nagarahole na Indiya, dabba na giftawa su ɗauke ta, sai a zauna a gwada ratsi a san taiga nawa ne a dajin ba tare da an kama ko ɗaya ba. Yanzu haka ake ƙirga damisa da jaguwa da rabbi a ko'ina.

Zaki da ba shi da zane sai aka nemo masa wata hanya: layukan ɗigon da gashin bakinsa ke tsirowa, waɗanda ba sa sauyawa har ya mutu. Tun 1970 ake amfani da wannan, amma sai an matso kusa an sami hoton fuska sosai.

Mu a nan ƙidayar ba ta da daɗin ji. Binciken da Philipp Henschel ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, ya ƙiyasta zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su fi kimanin 400 ba, kuma a Najeriya wuri biyu kacal aka same su: Yankari a Bauchi da dajin Tafkin Kainji. Damisa ta fi iya ɓuya, tana nan a wurare irin su Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, amma adon nan da ke ɓoye ta daga idon gada shi ne ke sa a biya kuɗi a kan fatarta. Ɗalibaina da yawa, roɗin damisa na gaske da suka taɓa gani da idonsu, a jikin wani guntun busasshiyar fata ne a shimfiɗar mai magani a bakin kasuwa.